Gari Garau, Amma Ba Su Ga Juna Ba: Abin Da Ke Haɗa Ƙananan Jirage Da Masu Saukar Ungulu Karo A Sama

Ranar Asabar, 8 ga watan Agustan 2009, gari ya waye garau a birnin New York na Amurka, babu hadari babu hazo. Masu yawon buɗe ido sun cika jiragen ruwan da ke kai da komo a kogin Hudson, wasu kuma suna shan iska a bakin ruwa ta ɓangaren Hoboken da ke jihar New Jersey. Da ƙarfe 11:53, saura ƙiris rana ta take tsaka, wani ƙaramin jirgin sama samfurin Piper ya cim ma wani jirgi mai saukar ungulu ta baya, a nisan kusan ƙafa 1,100 daga saman ruwa. Fiffiken ƙaramin jirgin ya cire, farfelar mai saukar ungulun ta tarwatse, su duka biyun suka rikito cikin kogin a gaban idon jama'a.

Mutum tara ne a cikin jiragen, kuma babu wanda ya fita. Uku 'yan gida ɗaya ne da ke cikin Piper: matuƙin, da ɗan'uwansa, da ɗan ɗan'uwan nasa, suna kan hanyar zuwa garin Ocean City da ke bakin teku. Sauran shidan su ne matuƙin mai saukar ungulun, na kamfanin Liberty Helicopters, da baƙi biyar 'yan Italiya da suka biya kuɗi don a zaga da su su ga birnin daga sama na 'yan mintoci.

Injin kowane jirgi lafiyarsa ƙalau. Matuƙan biyu suna da lasisi da gogewa. Rana tana haske. To me ya hana su ganin juna? Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta shafe sama da shekara guda tana bin diddigin wannan tambaya, kuma amsar da ta samu ita ce dai masu bincike a Ingila da sauran ƙasashe suke ta maimaitawa duk lokacin da irin wannan ya faru: an ɗora wa idon ɗan Adam nauyin da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba.

Daga Teterboro zuwa bakin kogi

Piper ɗin ya taso ne daga filin jirgin Teterboro da ke New Jersey, tafiyar 'yan mintoci zuwa kogin. Samaniyar wannan yanki a yanke take hawa-hawa. Can sama, inda manyan jiragen fasinja ke shiga da fita filayen Newark da LaGuardia da Kennedy, babu mai shiga sai da izinin jami'an kula da zirga-zirgar jirage. A ƙasa kuma, saitin ruwan kogin, an bar wani siririn lungu wanda a lokacin rufinsa ke kan ƙafa 1,100, inda ƙananan jirage da masu saukar ungulu ke wucewa ba tare da neman izinin kowa ba, kowa yana faɗin inda yake a tashar rediyo guda, kowa yana duban gabansa. Binciken ya gano cewa a kwanaki takwas kafin haɗarin, kimanin jirage 225 ne ke ratsa kewayen wurin a kowace rana.

Matuƙin Piper yana so ya haura zuwa ƙafa 3,500, wanda ke nufin sai hasumiyar Newark ta ba shi izini. Jami'in hasumiyar Teterboro ne ke da alhakin miƙa shi ga Newark. Sai dai a daidai wannan lokaci jami'in yana kan wayar tarho da wata ma'aikaciyar filin, suna raha kan wata mushen kyanwa da aka tsinta a harabar filin jirgin. Shugaban da ya kamata ya sa ido a kansa kuma ya fita daga ginin don wata hidimar kansa.

Yana cikin hirar ne jami'in ya ce wa matuƙin ya koma tashar Newark a kan lamba 127.85. Al'adar aikin ita ce matuƙi ya maimaita abin da aka gaya masa, shi kuma jami'i ya saurara ya gyara in akwai kuskure. Matuƙin ya maimaita 127.87. Jami'in bai kama kuskuren ba. A can Newark, wani jami'in ya hango cunkoson jirage a gaban Piper ɗin a allon radarsa, ya kira Teterboro yana neman a karkatar da shi, aka kuma yi ta ƙoƙarin kiran matuƙin, shiru. Bisa dukkan alamu ya riga ya murɗa rediyonsa zuwa lambar da babu mai sauraronsa a can. Ba ya jin Teterboro, ba ya jin Newark, ba ya kuma kan tashar da jiragen kogin ke faɗa wa juna inda suke.

A daidai nan ne mai saukar ungulun, samfurin Eurocopter AS350, ya taso daga filinsa na titi na 30 a Manhattan, ya tsallaka kogin, ya juya kudu yana ƙara haurawa sama. Piper ɗin yana bayansa, ya kuma fi shi gudu sosai. Wani matuƙi da ke ƙasa ya hango abin da ke shirin faruwa, ya yi ƙoƙarin gargaɗin abokin aikinsa ta rediyo, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Da rahoton NTSB ya fito a 2010, mutane da yawa sun zaci duk laifin zai tattara ne a kan jami'in da ke hira a waya. An ambace shi, amma abin da hukumar ta sa a gaba shi ne raunin da ke cikin ƙa'idar da duk tsarin ya dogara a kanta, wato cewa matuƙi zai ga ɗan'uwansa da ido ya kauce masa.

Ka gani, ka kauce

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, tun farkon zamanin jirgin sama, kuma tana cikin dokokin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Ita ake koya wa ɗalibi a Florida, ita ake koya wa na Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da ke Zariya. Idan gari a buɗe yake, alhakin kauce wa karo yana wuyan matuƙi. In kun fuskanci juna, kowa ya karkata dama. In hanyoyinku za su gitta, wanda ke hannun dama shi ke da hanya. In kai ne ka taho ta baya, kai za ka kauce. Duk wannan yana aiki ne in an ga juna.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A ƙasa haka ne. A sama kuwa kimar tasa tana yawan kuskure. Wurin da ido ke gani tar-tar ɗan ƙanƙane ne, bai wuce faɗin babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Duk abin da ke gefen wannan, ido ba ya tantance siffarsa, motsinsa kawai yake kamawa. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su riƙa duban samaniya yanki-yanki, su tsaya aƙalla daƙiƙa guda a kan kowane yanki kafin su matsa. Amma mutumin da ke wannan dube-duben shi ne kuma ke duba taswira, yana murɗa rediyo, yana karanta agogunan da ke gabansa, wani lokaci yana yi wa ɗalibi ko fasinja bayani.

Babbar matsalar ita ce jirgin da zai buge ka shi ne wanda ba ya motsi a idonka. Direban da ya saba da doguwar hanya ya san wannan: idan kana tunkarar mahaɗa, wata mota kuma tana tahowa ta ɗaya titin, in ka ga ta tsaya cak a wuri guda a gilashinka, ba ta yin gaba ba ta yin baya, sai dai ƙara girma, to tare za ku iso mahaɗar. Haka abin yake a sama. Jirgin da zai wuce ta gabanka ko ta bayanka yana tafiya a gilashi, gefen ido yana kama shi. Wanda ke kan layin karo da kai ɗigo ne a tsaye, kuma yana daɗewa a ɗigon, sai a daƙiƙoƙin ƙarshe ya kumbura farat ɗaya ya cika gilashin.

Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar kusan daƙiƙa 12.5 daga ganin abu zuwa lokacin da jirginsa zai kauce. Daƙiƙa guda ta gane cewa jirgi ne, biyar na fahimtar cewa karo za a yi, huɗu na yanke shawarar inda za a karkata, sauran kuma na motsa hannu da jiran jirgin ya amsa. Idan jirage biyu suka fuskanci juna kowanne yana gudun kilomita 200 a sa'a, a cikin wannan ɗan lokaci za su cinye kusan kilomita ɗaya da rabi. A irin wannan nisa, yatsa ɗaya ya isa ya rufe ƙaramin jirgi ɗungurungum, balle ƙarfen da ke riƙe da gilashin gaba.

A kogin Hudson an ƙara da wata matsalar. Daga kujerar matuƙin Piper, mai saukar ungulun yana ƙasa-ƙasa ne, bayansa kuma dogayen gine-ginen New York ne masu tagogi da launuka barkatai. Masu bincike sun nuna cewa ya kasance ɗan ƙaramin abu marar motsi a cikin wannan hargitsi har zuwa daƙiƙoƙin ƙarshe. Shi kuwa matuƙin mai saukar ungulun babu yadda za a yi ya ga abin da ke tahowa ta bayansa.

Kowa da inda ba ya gani

Karo a sama yana faruwa tsakanin kowane irin jirage, amma haɗuwar ƙaramin jirgi da mai saukar ungulu tana da nata sarƙaƙiyar. Ƙaramin jirgi yana da injin a gaba da allon agoguna mai tsawo, don haka abin da ke gabansa ta ƙasa a ɓoye yake. In fiffikensa a ƙasa yake kamar Piper, yana rufe masa ƙasa ta gefe. In a sama yake kamar Cessna, yana rufe masa sama da kuma ɓangaren da yake karkatawa. Mai saukar ungulu kuwa gabansa kusan duk gilashi ne, yana ganin gaba da ƙasa sarai, amma sama da baya a toshe suke. Idan ƙaramin jirgi ya taho ta sama ta baya yana saukowa, kowannensu ya faɗa daidai inda ɗayan ba ya gani.

Ga kuma bambancin tafiya. Mai saukar ungulu yakan fi jinkiri, yana iya tsayawa cak, yana iya haurawa daga wurin da babu wanda ya zaci jirgi zai fito, kamar rufin asibiti ko bakin kogi. Jikinsa siriri ne, farfelarsa kuma ba ta ganuwa sosai idan tana juyawa, ga shi faɗin da take sharewa ya kai mita goma a matsakaitan samfura. Taɓawa kaɗan ta wadatar. Ƙaramin jirgi yakan iya lallaɓawa ya sauka da rauni a jikinsa, amma mai saukar ungulu in ya rasa farfela babu abin da ke riƙe shi. An ga haka a Chandler da ke jihar Arizona a watan Oktoban 2021, inda Piper ya sauka lafiya, mutum biyun da ke cikin mai saukar ungulu samfurin Robinson R22 suka rasu.

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a Ingila ranar 17 ga Nuwamban 2017, kusa da ƙauyen Waddesdon a Buckinghamshire. Cessna 152 da mai saukar ungulu samfurin Cabri G2 sun taso daga fili ɗaya, Wycombe Air Park, kowanne da malami da ɗalibi. Sun ɗauki lokaci suna bin kusan hanya ɗaya, Cessna a sama tana saukowa, mai saukar ungulun a ƙasa. Hukumar binciken haɗurran jirage ta Birtaniya, AAIB, ta ce damar da suke da ita ta ganin juna kaɗan ce ƙwarai, domin babu wanda ke cikin fagen ganin ɗan'uwansa. Mutum huɗun duka suka mutu. Malamai biyu ƙwararru, idanu takwas, da tsakar rana.

Hasumiya ma ba ta zama garkuwa ko yaushe. A Frederick da ke jihar Maryland, ranar 23 ga Oktoban 2014, jirgi samfurin Cirrus SR22 da mai saukar ungulu Robinson R44 sun yi karo a kewayen filin jirgi, alhali dukkansu suna magana da hasumiya. A ƙa'ida akwai tazara tsakanin tsayin da ƙananan jirage ke zagaye fili da wanda masu saukar ungulu ke bi. Ranar, ɗaya ya sauko ƙasa da nasa, ɗayan ya haura sama da nasa, hasumiyar kuma ba ta da allon rada. Mutum uku suka rasu a mai saukar ungulun. Biyun da ke cikin Cirrus sun tsira saboda samfurin yana da babbar laimar sauka da ke riƙe jirgin gaba ɗaya.

A Turai ma an jera su kusa-kusa. A Janairun 2018 Piper da mai saukar ungulu na masu aikin ceto suka haɗu kusa da Philippsburg a Jamus, mutum huɗu suka mutu. A Janairun 2019, a kan ƙanƙarar tsaunin Rutor da ke arewacin Italiya, ƙaramin jirgin da ya taso daga Faransa ya yi karo da mai saukar ungulu, aka rasa bakwai. A Agustan wannan shekarar, wasu bakwai suka mutu kusa da garin Inca a tsibirin Mallorca na Sifaniya, cikinsu har da iyali guda 'yan Jamus da yara biyu.

Garin neman gira

Akwai kuma lokacin da matuƙan sun ga juna sarai, kusantar ce da gangan. Ranar 4 ga Afrilun 1991, sanatan Amurka John Heinz na jihar Pennsylvania yana cikin ƙaramin jirgi samfurin Piper Aerostar zai sauka a Philadelphia, sai fitilar da ke tabbatar da cewa tayar gaba ta kulle ta ƙi kamawa. Matuƙan wani mai saukar ungulu samfurin Bell 412, mallakin kamfanin mai na Sun, suka ce bari su matso su duba masa. Garin dubawar ne farfela ta taɓa cikin jirgin. Tarkacen ya zubo a harabar wata makarantar firamare a Merion. Mutum biyar ɗin da ke cikin jiragen biyu suka mutu, har da sanatan, tare da yara biyu 'yan makaranta da ke wasa a waje. NTSB ta ɗora laifin a kan rashin kyakkyawan lissafi na matuƙan ɓangarorin biyu: ba a horar da su tafiya kafaɗa da kafaɗa a sama ba, kuma leƙen daga waje ba zai iya tabbatar da cewa tayar ta kulle ba.

Abin da aka gyara

Wata uku bayan haɗarin Hudson, a Nuwamban 2009, FAA ta sauya dokar lungun kogin. Aka ɗaga rufinsa zuwa ƙafa 1,300, aka raba shi biyu: masu wucewa kawai su bi tsakanin ƙafa 1,000 da 1,300, masu zagaye a yankin, galibi masu saukar ungulu, su tsaya ƙasa da 1,000. Mai zuwa kudu ya bi gaɓar yamma, mai zuwa arewa ya bi gaɓar gabas. Aka ƙayyade gudu kada ya wuce kimanin kilomita 260 a sa'a, aka wajabta kunna fitilu, aka kuma mayar da faɗin inda kake a rediyo dole a wasu sanannun wurare, abin da a da shawara ce kawai. Hikimar ita ce a raba mai sauri da mai jinkiri tun kafin a kai ga dogaro da ido.

Ɗaya gyaran na na'ura ne. Wani bincike da hukumar binciken haɗurran jirage ta Ostireliya ta fitar a 1991 ya nuna cewa matuƙin da aka gaya wa inda zai duba ya fi wanda ke lalube samun abin da yake nema har ninki takwas. Manyan jiragen fasinja sun daɗe da na'urar TCAS, wadda ke umartar matuƙi ya hau ko ya sauka, kuma an tilasta ta ne a Amurka bayan karon Cerritos na 1986, inda ƙaramin Piper ya bugi jirgin Aeromexico mutum 82 suka mutu. Tsadarta da nauyinta sun fi ƙarfin ƙananan jirage. A 2004 wasu a Suwizalan suka ƙirƙiro FLARM, ƙaramar na'ura mai araha da aka fara yi wa jirage marasa inji. Sai kuma ADS-B, wadda ke amfani da tauraron ɗan Adam ta riƙa shelar inda jirgi yake da tsayinsa da gudunsa. Daga 1 ga Janairun 2020 Amurka ta wajabta ta a mafi yawan samaniyar da ke da cunkoso. A Birtaniya kuma, daga 2020 zuwa 2024 hukuma ta riƙa mayar wa matuƙa rabin kuɗin irin waɗannan na'urori, har zuwa fam 250.

Inda gizo ke saƙa

Dokar 2020 ta Amurka ta tilasta ɓangaren da ke aika saƙo ne kawai, ba ta tilasta ɓangaren da ke karɓa ya nuna wa matuƙi jiragen da ke kewaye da shi ba. A wurare da dama nesa da manyan birane, jirgi na iya tashi babu ko ɗaya. A Turai kuma na'urorin iri-iri ne, kuma ba dukkansu ke ganin juna ba. Ko inda ake da su, sai an yi aiki da su. Jiragen Hudson biyun suna ɗauke da na'urorin da ke nuna zirga-zirga, amma NTSB ta ce ba a amfana da su yadda ya kamata ba. A wuri mai cunkoso irin wannan, na'ura tana yawan ƙara har matuƙi ya saba, ya daina ɗaga kai.

Daren 29 ga Janairun 2025 ya nuna cewa darasin bai gama shiga ba. Jirgin fasinja na American Eagle da ke shirin sauka a filin Reagan na birnin Washington ya yi karo da mai saukar ungulu na soja samfurin Black Hawk a kan kogin Potomac, mutum 67 suka mutu. Wannan ba ƙaramin jirgi ba ne, amma zaren ɗaya ne: hanyar masu saukar ungulu tana ratsa ƙarƙashin hanyar masu sauka da 'yar tazara, kuma matuƙan sojan sun karɓi alhakin kauce wa jirgin da idonsu. Bayan nan ne aka rufe wannan yanki na hanyar.

Kusan duk gyaran da aka ambata a nan sai da aka binne mutane kafin a yi shi, kuma wasu a wurin da abin ya faru kawai aka yi su. Har yanzu akwai dubban filaye da koguna da bakin teku a duniya inda jirgin ɗalibi da na mai yawon buɗe ido da na masu ceto ke cuɗanya a tsayi ɗaya, ga kuma jirage marasa matuƙa da ke ƙara shigowa wannan ƙasa-ƙasan samaniya. Hanyoyin kariya an san su, kuma an gwada su: a raba tsayi da hanya, kowa ya faɗi inda yake a tasha ɗaya, kowane jirgi ya ɗauki na'urar da ke shelarsa da wadda ke nuna masa maƙwabcinsa. Abin da ya rage shi ne hukumomi su wajabta su a wuraren da haɗari bai kai ga faruwa ba tukuna.